Kasafin Kasada: Yadda Ake Auna Hari Da Tsaro A Wasan Football Manager

Ranar Litinin 6 ga Nuwamban 2023 ce kamfanin Sports Interactive da ke birnin Landan ya fitar da Football Manager 2024, wasan kwamfutar nan da ke ɗora mutum bisa kujerar mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. A daren ranar, a arewacin birnin, Tottenham ta karɓi baƙuncin Chelsea a gasar Firimiyar Ingila. Alƙalin wasa ya ba Cristian Romero jan kati kafin hutun rabin lokaci, bayan an dawo kuma ya kori Destiny Udogie, ya zamana saura mutum tara Tottenham ke da su a fili. An zaci za su koma bakin raga su yi dafifi. Sai koci Ange Postecoglou ya bar 'yan bayansa a jere daf da layin tsakiya suna ɗana tarkon satar gida, ga rabin fili a buɗe a bayansu. Haka suka riƙe kunnen doki, 1 da 1, har minti na 75. Daga nan Nicolas Jackson ya zura uku, aka tashi 4 da 1.

Masu sharhi sun rabu biyu a kan wannan wasa. Wasu sun ce jarumta ce, wasu sun ce ganganci ne. Tambayar da ta raba su ita ce ke gaban duk wanda ya buɗe allon dabarun Football Manager don tsara ƙungiyarsa: wace irin kasada ya kamata a yi, a wane ɓangare na fili, kuma wa zai biya idan ta ƙi ci?

Wanda ya saba da kasafin kuɗin ma'aikatar gwamnati ba zai sha wuyar gane lamarin ba. Naira ɗaya ba ta kasuwa sau biyu, kuma abin da aka ƙara wa wani sashe daga wani sashen aka rago shi. Haka 'yan wasa goma sha ɗaya suke. Duk wanda aka tura gaba an cire shi daga baya, duk wanda aka tsare a baya an hana gaba amfaninsa. Babu maɓallin da ke kawar da kasada daga cikin wasan. Iyakar abin da mai wasan, wato manaja, ke iya yi shi ne ya zaɓi wurin da zai ajiye ta, sannan ya tanadi wanda zai tsare wurin.

Wasan da asalinsa

'Yan'uwa biyu 'yan Ingila, Paul da Oliver Collyer, su suka fara wannan aiki da wasan Championship Manager a 1992. Bayan sun rabu da kamfanin Eidos a 2003, sai suka fitar da Football Manager na farko a 2004 tare da kamfanin Sega na Japan, wanda ya saye Sports Interactive a 2006. Ƙarfin wasan yana cikin rumbun bayanansa, inda ake ba kowane ɗan wasa maki daga 1 zuwa 20 a kan gudu, juriya, tsalle, natsuwa, hangen nesa, yanke shawara da sauran halaye. Ingancin wannan rumbu ya kai ga ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniyar amfani da shi a 2008 wajen neman 'yan wasa.

Manaja ba ya taɓa ƙwallo. Umarni kawai yake bayarwa, kwamfuta ta lissafa abin da kowane ɗan wasa zai yi gwargwadon makinsa da umarnin da ya samu. Tun daga bugun 2019 aka raba umarnin gida uku: lokacin da ƙwallo ke ƙafar ƙungiya, lokacin da take sauya ƙafa, da lokacin da take wurin abokan karawa. An soke bugun 2025, wanda ya biyo bayansa kuma, Football Manager 26, ya fito a Nuwamban 2025 da damar tsara jeri biyu daban, na riƙe ƙwallo da na ƙwato ta. Bayanin da ke tafe ya dogara ga fasalin bugun 2024, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne a kowane bugu.

Tsani mai hawa bakwai

Abu na farko da manaja ke zaɓa shi ne zuciyar da ƙungiya za ta taka leda da ita. Wasan ya shirya ta kamar tsani mai hawa bakwai: tsaro tsantsa, tsaro, taka-tsantsan, tsaka-tsaki, sa kai gaba, kai hari, da hari tsantsa. Sababbin 'yan wasa kan ɗauka hawa na sama yana nufin yawan cin ƙwallaye, na ƙasa kuma yana nufin tsare raga. Abin da tsanin ke aunawa a zahiri shi ne yawan kasadar da aka yarje wa kowane ɗan wasa idan zaɓi ya zo gabansa. A hawa na sama, ɗan tsakiya zai gwada cusa ƙwallo ta tsakanin 'yan baya ko da akwai yiwuwar a tare, mai buga lamba biyu zai wuce layin tsakiya da wuri, ɗan baya zai fita ya tari mutum maimakon ya jira shi. A hawa na ƙasa, kowa zai zaɓi abin da ya fi sauƙi: a mayar da ƙwallo baya, ko a doka ta nesa da gida.

Wani abin da ke ruɗa manajoji shi ne, hawa tsanin yana jan sauran umarni tare da shi. Da zarar an matsa sama, saurin wasa na ƙaruwa, ƙungiya na ƙara buɗewa, layin baya na matsawa gaba, matsin lamba na ƙara zafi, ko da ba a taɓa maɓallansu ba. Wanda ya zaɓi kai hari, sannan ya ƙara umarnin sauri, da na ɗaga layin baya, da na sakar wa 'yan wasa mara su yi abin da suka ga dama, ya ɗora kasada huɗu a kan juna alhali yana zaton ɗaya ya yi. Sakamakon sananne ne: ƙwallo na ta ɓacewa, ana ta harbi daga nesa, abokan karawa kuma na samun hanya shar. Garin neman ƙiba an samo rama.

Shi ya sa gogaggun manajoji kan haɗa abu da kishiyarsa. Idan an hau sama, sai a rage sauri ko a ce a bi da ƙwallo sannu har cikin da'irar raga kafin a harba. Idan an sauka ƙasa, sai a bar mutum biyu ko uku da izinin kutsawa gaba, don kada ƙungiya ta zama ba ta da haƙori.

Kowane mai kutsawa da mai gadinsa

Bayan tsanin ƙungiya, kowane ɗan wasa yana da aikinsa, kuma kowane aiki yana zuwa da ɗawainiya: tsaro, tallafi ko hari. A nan ake raba kasafin dalla-dalla. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce, duk wanda aka ba izinin barin gurbinsa, a nuna wanda zai rufe gurbin.

Chelsea ta kakar 2016 zuwa 2017 misali ce da ta fito fili. Ranar 24 ga Satumban 2016 Arsenal ta lallasa ta da ci 3 da nema. Antonio Conte ya koma tsarin 3-4-3, ya mayar da Victor Moses, wanda aka sani a matsayin ɗan gaba na gefe, ya riƙe dukkan gefen dama daga baya har gaba. Kasada ce babba a danƙa tsaron gefe ga mutumin da ba aikinsa ba ne. Amma a bayan Moses akwai César Azpilicueta, mai tsaron gefe na asali da aka shigo da shi cikin 'yan baya uku, a gabansu kuma N'Golo Kanté da Nemanja Matić suna tare tsakiya. Chelsea ta ci wasa 13 a jere a gasar, shida na farko ba a zura mata ko ɗaya ba, ta ɗauki kofi da maki 93.

A allon Football Manager ana iya maimaita wannan lissafi. Idan mai buga lamba biyu yana kan hari, sai ɗan tsakiyar da ke gefensa ya kasance mai tsayawa, ɗan gaban gefen kuma ya kasance a kan tallafi. Idan aka sa lamba biyu da lamba bakwai da ɗan tsakiyar dama duka a kan hari, wannan gefe ya zama titi, kuma duk ƙungiyar da ke da mai gudu a hagu za ta same shi kafin a je hutu. Akasin haka ma matsala ce. Gefen da kowa ke kan tsaro ba ya tsoratar da kowa, abokan karawa sai su kwashe mutanensu daga can su cika ɗaya gefen.

Babu gurbin da ke riƙe wannan ma'auni kamar na ɗan tsakiya mai tsaro, wanda 'yan kallo a gida ke kira lamba huɗu. A 2003 Real Madrid ta sayar wa Chelsea Claude Makélélé a bazarar da ta kawo David Beckham ya haɗu da Zidane, Figo, Ronaldo da Raúl. Ta ƙare kakar a matsayi na huɗu, ba ta sake ɗaukar La Liga ba sai 2007. Taurari sun ƙaru, amma wanda ke biyan bashin kasadarsu ya tafi.

Hanya mafi sauƙi ta gwada tsari ita ce a tsayar da wasa a daidai lokacin da ƙungiya ke kai kora, a ƙirga mutum nawa suka rage a bayan ƙwallo. Manchester City ta Pep Guardiola, a kakar da ta haɗa kofi uku a 2023, takan bar biyar: 'yan baya uku, sai John Stones ya shigo tsakiya kusa da Rodri. Wannan biyar ɗin ce ta ba sauran biyar 'yancin mamaye gaba. Bugun 2024 ya kawo aikin mai tsaron gefe da ke shigowa ciki ya zama ɗan baya na uku, don a iya gina irin wannan tsari. Ƙungiyar da ta bar mutum biyu kacal a baya, alhali abokan karawa sun bar biyu masu gudu a gaba, ta jingina sakamakonta ga sa'a.

Akwai kuma ɗabi'un da ɗan wasa ke zuwa da su, waɗanda wasan ke rubutawa a shafinsa. Wani yana son kutsawa gaba ko an hana shi, wani yana son doguwar ƙwallo mai ratsa fili, wani yana son zamiya ya tare. Ɗan wasan da ke da ɗabi'ar kutsawa ya riga ya ci kasonsa na kasada, don haka ba a ƙara masa da ɗawainiyar hari sai da dalili.

Layin baya da matsin lamba

Idan ƙwallo ta koma wurin abokan karawa, manaja yana da layi biyu da zai saita: inda 'yan gaba za su fara tara, da inda 'yan baya za su tsaya. Tazarar da ke tsakanin layukan nan ita ce filin da 'yan tsakiya za su yi gadi. Idan 'yan gaba na matsa lamba a bakin ragar abokan karawa, 'yan baya kuma sun noƙe a gida, sai tsakiya ta zama wagegen fili da mutum biyu ko uku ba za su iya rufewa ba. Saboda haka wanda ke son matsin lamba a sama dole ya ɗaga layin baya, wanda kuma ya ɗaga layin baya ya bar sarari a bayansa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan sarari yana da sharuɗɗa uku. Na farko, 'yan baya masu gudu da saurin hango haɗari. Na biyu, mai tsaron raga mai fitowa ya share ƙwallo kafin ɗan gaba ya iso. Na uku, 'yan gaba da 'yan tsakiya masu juriya da himma, waɗanda ba za su bar mai ƙwallo ya ɗaga kai ya zaɓi inda zai jefa ba. Ranar 4 ga Oktoban 2020 Liverpool, mai riƙe da kofin Firimiya, ta je gidan Aston Villa babu mai tsaron ragarta Alisson, babu kuma Sadio Mané, ɗaya daga cikin jagororin matsin lambarta. Layin baya ya tsaya inda ya saba tsayawa. Villa ta ci 7 da 2, Ollie Watkins ya zura uku tun kafin hutu. Tsarin da ya kawo kofi watanni kaɗan kafin nan bai canza ba, masu ɗaukar nauyinsa ne suka ragu.

Leicester City ta kakar 2015 zuwa 2016 ta bi lissafin ta ɗaya fuskar. Wes Morgan da Robert Huth ƙarfafa ne masu iya tsalle, amma ba masu gudu ba. Claudio Ranieri ya ajiye su kusa da gida, inda ƙarfinsu ke aiki kuma rashin gudunsu ba ya cutarwa, ya bar Kanté yana ƙwato ƙwallo, ya zuba kasadar ƙungiyar a kan gudun Jamie Vardy da gwanintar Riyad Mahrez. Sun ɗauki kofi da maki 81, sau uku kacal aka doke su.

Darasin ga manaja shi ne ya karanta makin mutanensa kafin ya zaɓi salo. Wasan yana zuwa da shiryayyun salo irin su Gegenpress da Tiki-Taka, kuma intanet cike take da tsare-tsaren da wasu suka ci kofuna da su. Amma tsarin da aka ɗinka wa 'yan baya masu makin gudu 16 ba zai zauna a jikin masu 10 ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Kasadar ja da baya

Babban kuskuren da ake yi a minti na 70 shi ne a ɗauka sauka zuwa tsaro tsantsa yana nufin an rufe ƙofa. Abin da ke faruwa a allo shi ne 'yan wasa su koma cikin da'irarsu, su riƙa doka ƙwallo ba tare da nufin kowa ba, ita kuma ta riƙa dawowa. Kowace dawowa tana iya haifar da bugun kusurwa, ko ƙwallo ta daki ƙafa ta canza hanya, ko a yi ƙeta a ba da fenariti. An rage kasadar a bi ta baya da gudu, an ƙara ta ƙananan hadurra a bakin raga.

Ana iya yin nasara da wannan hanya, amma tana da tsada. Ranar 28 ga Afrilun 2010 Inter Milan ta José Mourinho ta je Barcelona da rinjayen 3 da 1 daga wasan farko na daf da ƙarshe a gasar Zakarun Turai. An kori Thiago Motta tun kafin rabin sa'a. Inter ta tare gida da Lúcio, Walter Samuel, Javier Zanetti da Esteban Cambiasso, har Samuel Eto'o ya koma kamar mai tsaron gefe. Duk da wannan gogewa, Gerard Piqué ya ci a minti na 84, sannan aka soke wata ƙwallon Bojan a ƙarshen wasa saboda taɓa hannu. Da ta tsaya, da Inter ta fita.

Masu bin Super Eagles sun san ɗaya fuskar. Ranar 5 ga Yulin 1994, a gasar cin kofin duniya ta Amurka, Emmanuel Amunike ya sa Nijeriya gaba a kan Italiya. Rauni ya fitar da Daniel Amokachi da shi Amuniken, aka maye gurbinsu da 'yan tsakiya, barazanar gaba ta ragu. An kori Gianfranco Zola, Italiya ta koma mutum goma, amma Roberto Baggio ya farke saura minti biyu, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Bayan shekara talatin, a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwadebuwa, José Peseiro ya koma 'yan baya uku, Nijeriya ta buga wasa huɗu a jere ba a ci ta ba, ta kai wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairun 2024. William Troost-Ekong ya ci a minti na 38. Daga nan ƙwallo ta zauna a ƙafar masu masauki, Franck Kessié ya farke daga bugun kusurwa a minti na 62, Sébastien Haller ya ƙara a na 81, kuma duka biyun Simon Adingra ne ya bugo su. Tsarin da ya kai ƙungiya wasan ƙarshe ya gaza a daren da aka rasa hanyar fitar da ƙwallo daga gida.

Saboda haka manajan da ke son kare rinjaye ya fi samun biyan bukata da ƙananan gyare-gyare. Ya mayar da mai tsaron gefe daga hari zuwa tallafi, ya ce a koma gurbi idan an rasa ƙwallo maimakon a bi ta, ya rage sauri, ya sauka hawa ɗaya kawai a tsani, kuma ya bar mai gudu ɗaya a gaba wanda zai tilasta wa abokan karawa su ajiye mutum biyu suna gadinsa.

Agogo da teburin maki

Kasada ba ta da farashi ɗaya a kowane lokaci. A wasan sili-ɗaya-ƙwale, wanda ake ci 3 da 1 saura kwata ba shi da abin da zai ƙara rasawa. Ranar 31 ga Yulin 1996, a gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil na gaban Nijeriya da wannan ci. 'Yan Jo Bonfrère suka kwarara gaba, Victor Ikpeba ya rage a minti na 78, Nwankwo Kanu ya farke a na 90, ya kuma ci ƙwallon da ta raba gardama a farkon ƙarin lokaci. Irin wannan hali ne aka yi hawan ƙoli na tsani dominsa, na minti goma ko sha biyar, ba na wasa guda ba.

A gasar maki kuwa lissafin daban ne. Tun da Ingila ta fara ba da maki uku ga nasara a 1981, canjaras ya rage daraja. Ƙungiyar da ta yi kunnen doki sau goma tana da maki 10, wadda ta ci huɗu aka doke ta shida tana da 12. Ƙaramar ƙungiyar da ke tsoron faɗuwa daga gasa, idan ta tare gida a kowane wasa, tana iya faɗuwa ba tare da an taɓa lallasa ta ba. Wasan yana ba manaja gurbin tsari uku da 'yan wasa za su saba da su a atisaye. Hikimar ita ce a ajiye babban tsari ɗaya da 'yan'uwansa biyu masu kama da shi, ɗaya ya fi shi zafi, ɗaya ya fi shi sanyi, domin tsarin da 'yan wasa ba su saba da shi ba shi ma kasada ne.

Bashin da ake biya daga baya

Wasu kasadu ba sa bayyana a ranar wasa. Kusa da allon dabaru akwai ma'aunin da ke nuna nauyin da tsari ke ɗora wa jiki. Matsin lamba mai zafi da saurin wasa suna cika shi, kuma ƙungiyar da ke buga wasa biyu a mako da irin wannan nauyi takan tsinci kanta a tsakiyar kaka da jerin masu jinya. Sashen lafiya na wasan yana nuna wanda ke daf da rauni, kuma damar canza mutum biyar, wadda gasar Firimiya ta tabbatar daga kakar 2022 zuwa 2023, ta zama hanyar raba wannan nauyi. Umarnin shiga da ƙarfi wajen tara yana ƙwato ƙwallo, yana kuma tara katin gargaɗi da dakatarwa. Ɗan tsakiyar da ya karɓi kati a minti na 20 yana bukatar a sassauta masa umarni ko a cire shi.

Sama da duka akwai mahukuntan ƙungiya. Tun bugun 2020 suke rubuta irin ƙwallon da suke so a buga, wasu su nemi ta kai hari, wasu ta riƙe ƙwallo. Manajan da ke tara maki da salon da suka ƙi yana iya ganin amincewarsu na raguwa, wanda kuma ya bi son ransu ya yi ta shan kashi takardar sallama ce ke jiransa.

Don kada mutum ya yanke hukunci da fushin wasa ɗaya, bugun 2021 ya shigo da ma'aunin xG, wanda ke kimanta yiwuwar kowane harbi ya shiga raga. Fenariti, alal misali, yana shiga kusan sau uku cikin huɗu. A ɗauka ƙungiya ta yi harbi 20 daga nesa, kowane da yiwuwar 0.03: jimla 0.6. Abokan karawa sun sami dama biyu kacal, kowace 0.4: jimla 0.8. Manajan da aka ci 1 da nema a irin wannan wasa yakan ce kwamfuta ta zalunce shi, alhali alƙaluma na nuna cewa shi ya ba da damar da ta fi kyau. Idan kuwa ma'aunin na gefensa wasa bayan wasa amma aka yi rashin sa'a sau biyu, rushe tsarin shi ne kuskuren. Ana duba wasa biyar ko shida kafin a taɓa ginshiƙi, kuma idan za a gyara, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, don a san wane ne ya yi aiki.

Kafin a danna maɓallin fara wasa, tambayoyi huɗu sun isa su tona asirin kowane tsari. Su wa aka ba izinin barin gurbinsu? Wa ke rufe wa kowannensu? Mutum nawa ke bayan ƙwallo idan ta ɓace? Wace irin ƙwallo aka yarda a ci ƙungiyar da ita, ta gudu daga baya ko ta bugun kusurwa? Tambaya ta ƙarshe ta fi ɗaci, domin tana tilasta wa manaja ya amince cewa za a ci shi ko ta yaya. Wanda ya amsa ta ya san abin da zai duba idan aka zura masa, ya kuma san ko laifin tsari ne ko kuwa farashin da ya riga ya yarda zai biya. Wanda ya ƙi amsa ta zai canza tsari duk mako, 'yan wasansa ba za su saba da ko ɗaya ba, kuma kafin kaka ta raba tsakiya mahukunta za su kira shi zama.